Sauya kamfanin waya ba tare da rasa lamba ba: Yadda tsarin yake da abin da ake bari a baya

Tun daga ranar 22 ga Afrilun 2013, duk wanda ke riƙe da layin wayar salula a Najeriya yana da haƙƙin ya bar kamfanin sadarwar da yake hulɗa da shi ya koma wani, ya kuma tafi da lambarsa yadda take, ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikin alƙaluma 11 da ke cikinta ba. Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ce ta ƙaddamar da tsarin a Legas, a zamanin da Dokta Eugene Juwah ke shugabantarta. An fi shekara goma da yin haka, amma har gobe idan sabis ya lalace a wata unguwa, ko mutum ya ga datarsa na ƙarewa kamar ana zuƙe ta, abin da aka fi yi shi ne a sayi sabon layi a haɗa da tsohon, a riƙa yawo da waya biyu ko waya mai sim biyu. Wasu ba su san da tsarin ba sam. Wasu sun ji labarinsa, amma suna tsoron kada lambar da suka shekara ashirin da ita ta salwanta a hanya.

Wannan tsoro yana da tushe, domin lambar waya a yau ta wuce abin kira kawai. Ita ce banki ya sani, a kanta alat yake shigowa, kuma ta nan ake turo lambobin sirri na tabbatar da tura kuɗi. Da ita aka yi rajistar BVN, ita aka haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A wasu manhajojin kuɗi irin su OPay da PalmPay, lambar wayar ce ma lambar asusun, an dai cire sifilin farko. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya rubuta lambarsa a jikin allon shago da rasit da ledar kaya, kuma abokan cinikinsa daga Maiduguri zuwa Maraɗi ita suka adana, idan ya canza ta tamkar ya tashi daga shagon ne bai bar sallahu ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa lambarsa na cikin fayil ɗinsa na ofis, tana wurin kamfanin da ke kula da fanshonsa, kuma wataƙila da ita ɗansa ya buɗe rajistar JAMB. Gyara duk waɗannan ɗaya bayan ɗaya aiki ne na makonni, da bin layi a banki da cike fom iri-iri. Saboda haka mutane da yawa suka gwammace su haƙura da sabis mara kyau a kan su taɓa lambar. Kamfanonin sun san da wannan, kuma tsarin ƙaura da lamba an kawo shi ne domin kwance wannan dabaibayi.

Lambar ba ta kamfani ba ce

A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane lasisi ya tashi a kan Dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, lokacin da layi ɗaya kan kai Naira dubu 20 ko fiye. Globacom ya shigo a 2003 da tsarin cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat kuma ya biyo baya a 2008. Kowane kamfani NCC ta ware masa rukunin lambobinsa: 0803 da 0806 na MTN, 0802 da 0808 na Econet, 0805 da 0807 na Glo, 0809 na Etisalat, sauran kuma suka biyo baya da yawan masu layi ya ƙaru. Daga nan jama'a suka saba da gane kamfani daga jin farkon lamba.

Abin lura shi ne, kamfanin ba shi ya mallaki waɗannan lambobi ba. A ƙarƙashin Dokar Sadarwa ta 2003, lambobin waya dukiyar ƙasa ce da hukumar ke rabawa tana kuma kula da ita. Tarihin Econet ma ya nuna haka ta wata fuska. Kamfanin ya koma Vmobile, ya koma Celtel a 2006, ya zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, masu shi suna ta canzawa, amma mai 0802 bai taɓa rasa lambarsa ba. Haka Etisalat ya zama 9mobile a 2017 lambobin suna nan. Wato lamba tana iya jure canjin mai kamfani sau huɗu, amma kafin 2013 ba ta iya jure mai layi ya canza kamfani ko sau ɗaya.

Najeriya ba ta cikin na gaba-gaba a wannan fanni. Singafo ta fara tun 1997, Afirka ta Kudu a 2006, Kenya da Ghana kuma a 2011. Da tsarin ya iso nan, ya zo da hayaniya. Waɗanda ke kallon talabijin a lokacin za su tuna ɗan wasan barkwancin nan Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, da ya daɗe yana fitowa a tallace-tallacen Etisalat, kwatsam aka gan shi sanye da rawaya a tallar MTN yana shelar ya sauya sheƙa. Tallar ta yi tashe fiye da tsarin da take tallatawa.

Yadda ake yin ƙaurar

Ƙa'ida ta farko, wadda mutane suka fi kuskurewa, ita ce ba a zuwa wurin kamfanin da za a bari. Wurin sabon kamfani ake zuwa, shi ne zai ɗauki ɗawainiyar karɓo lambar. An tsara haka da gangan, domin da an ce sai mutum ya je neman sallama daga wanda zai rasa shi, da ba a rasa dalilin da za a ce ya dawo gobe ba. Ƙa'idojin hukumar sun ma hana tsohon kamfani ya kira mai layi yana lallashinsa ko yi masa tayin garaɓasa domin ya fasa, matuƙar an riga an shigar da buƙatar.

Mai layin zai je da kansa, ba aike ba, zuwa ofishin sabon kamfanin ko wani wakilinsa da aka amince da shi. Zai tafi da wayarsa da tsohon sim ɗin a ciki yana aiki, da lambarsa ta NIN, da katin shaida mai hoto. Za a ba shi fom ya cike, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa kamar yadda ake yi wa mai sayen sabon layi, a kuma miƙa masa sabon sim wanda bai fara aiki ba tukuna. Daga nan za a ce ya tura kalmar PORT ta saƙon tes zuwa 3232 daga layin da yake son ƙaura da shi. Saƙon kyauta ne, kuma shi ne sa hannun mai layi a idon tsarin: shi ke tabbatar da cewa wanda ya cike fom ɗin yana riƙe da layin a hannunsa. Idan wannan saƙo bai fita ba, misali saboda babu sabis ɗin tsohon kamfanin a cikin shagon, to buƙatar ba za ta motsa daga inda take ba.

Bayan haka saƙonni za su riƙa shigowa a kan tsohon sim, na farko yana cewa an karɓi buƙata, na ƙarshe kuma yana cewa a cire tsohon a saka sabo. Wa'adin da hukumar ta ɗiba shi ne sa'o'i 48, ko da yake idan bayanai sun yi daidai akan gama ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Tsohon sim yana ci gaba da aiki a tsawon jiran, sai a ɗan lokacin da ake juya lambar ne sabis zai ɗauke. Ba a biyan ko sisi a matsayin kuɗin ƙaura. Duk wakilin da ya ce a ba shi wani abu kafin ya shigar da buƙata, aljihunsa yake yi wa aiki.

Idan an gama, akwai lokacin da mutum ba zai iya sake tashi ba. Da farko kwana 90 ne, daga baya hukumar ta rage shi zuwa kwana 45. Ma'ana wanda ya koma ya tarar da wurin bai yi masa ba, zai zauna wata ɗaya da rabi kafin ya koma gidan jiya ko ya gwada na uku. Ban da wannan, ba a ƙayyade sau nawa mutum zai iya ƙaura ba.

Layukan kamfanoni da ma'aikatu, waɗanda aka yi wa rajista da sunan ofis, hanyarsu daban ce. Ma'aikacin da ke riƙe da irin wannan layi ba zai iya ƙaura da shi bisa raɗin kansa ba, sai da takardar izini daga ofishin da ya mallake shi.

Yadda kira ke gano mai lamba a sabon gidansa

Kafin 2013, aikin kai kira mai sauƙi ne. Na'urar kamfani za ta dubi alƙaluman farko, idan ta ga 0805 ta tura wa Glo, idan ta ga 0803 ta tura wa MTN, kamar yadda ɗan kamasho a tasha ke jin sunan gari ya nuna mota. Da ƙaura ta shigo, farkon lamba ya daina zama hujja. Sai aka kafa wata cibiya a tsakiya wadda ba ta kowane kamfani ba ce, aka ba haɗakar Interconnect Clearinghouse Nigeria da Saab Grintek da Telcordia aikin tafiyar da ita. Wannan cibiya ce ke karɓar saƙon 3232, ta gwada shi da buƙatar da sabon kamfani ya shigar, ta tambayi tsohon kamfani ko yana da wata hujja ta ƙa'ida da za ta hana, sannan ta rubuta a rumbun bayananta cewa lamba kaza ta koma wuri kaza. Kowane kamfani yana riƙe da kwafin wannan rumbu, kuma kafin ya kai kira ko saƙo sai ya duba ciki ya ga inda lambar take a yanzu. Dubawar ba ta ɗaukar lokacin da mai kira zai lura.

Sanin wannan yana da amfani, domin shi ke bayyana 'yan matsalolin da akan gamu da su a kwanakin farko. Idan wani kamfani ko wata hanyar tura saƙonni ba ta sabunta kwafinta da wuri ba, sai a ga kira daga wannan layi yana shiga, daga wancan kuma ana cewa lambar ba ta aiki. An fi ganin haka a saƙonnin da ke bi ta hannun 'yan tsakiya masu tura tes da yawa a lokaci ɗaya, irin alat na banki da lambobin sirri da ke zuwa daga ƙasashen waje. Yawanci abin yakan daidaita da kansa. Idan ya wuce kwana biyu ko uku, sabon kamfani ne ke da alhakin bin sawu, tunda shi ne mai masaukin lambar yanzu.

Abin da ke bin mutum, da abin da ba ya bin sa

Lambar ce kaɗai ke ƙaura. Duk wani abu da ke tsakanin mai layi da tsohon kamfani yana mutuwa a ranar. Kuɗin katin da ya rage ba ya bi, datar da ta rage ba ta bi, ko da ta wata uku aka saya jiya, haka kyautar kira da makin garaɓasa da waƙar da masu kira ke ji. Ba a mayar da kuɗinsu. Wanda ya shirya tafiya sai ya bari datarsa ta kusa ƙarewa, ya cinye katinsa ko ya tura wa wani na gida da ke kan layin. Bashi kuwa ba ya mutuwa. Wanda ya ranci kati ko data, ko yake kan tsarin biya a ƙarshen wata, gara ya biya kafin ya nufi shagon sabon kamfani, don kada abin ya zame masa cikas.

Sunayen mutane da aka adana a cikin tsohon sim ɗin kansa, maimakon cikin waya, su ma suna nan a jikinsa. Masu ƙananan wayoyi sun fi faɗawa cikin wannan, domin da yawansu a sim suke adana lambobi ba tare da sun sani ba. A kwashe su zuwa waya tun kafin a fara.

Akwai wata asara da ta fi shafar ma'aikata da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ofisoshi da yawa da ƙungiyoyi suna da tsarin rukuni, wanda aka fi sani da CUG, inda 'yan rukunin ke kiran juna kyauta ko da rahusa bayan biyan wani abu a wata. Wannan yarjejeniya ce da kamfani ɗaya. Wanda ya ƙaura ya fita daga rukunin ke nan, ko da lambarsa ba ta canza ba, kuma abokan aikin da suka saba kiransa kyauta za su fara ganin katinsu na tafiya. Haka tsarin 'yan uwa da abokai da wasu kamfanoni ke bayarwa. A yau dai yawancin tsare-tsaren kira farashi ɗaya suke caja zuwa kowane layi, saboda haka wannan matsala ba ta kai yadda take a shekarun baya ba, lokacin da kiran wani kamfani ya fi tsada sosai.

Abubuwan da suka rataya a kan lambar kanta, su kam suna nan daram. WhatsApp ba ya tambayar wane kamfani ne, lamba ya sani. BVN da asusun banki da rajistar fansho duk ba sa buƙatar gyara. Lambobin banki na tauraro da ake dannawa a tura kuɗi suna ci gaba da aiki, sai dai a tabbatar akwai kati a sabon layin, domin sabis ne da ake caja. Inda ya kamata a tsaya a yi tambaya shi ne asusun kuɗi na kamfanonin sadarwar kansu, irin MoMo na MTN da SmartCash na Airtel. Mai ajiya a irin waɗannan ya tambayi yadda zai ci gaba da shiga asusunsa bayan ƙaura, ko kuma ya kwashe abin da ke ciki tukuna, hankalinsa ya kwanta.

Wani tarko kuma da ke kama kusan kowa a makon farko shi ne sayen kati da data. Manhajojin banki da masu POS da masu sayar da data a bakin titi da yawa har yanzu da farkon lamba suke gane kamfani. Da an rubuta 0803 manhaja za ta zaɓi MTN da kanta, alhali lambar tana Airtel tun jiya. Sakamakon shi ne cinikin ya ƙi tafiya, ko kuɗin ya maƙale sai an bi. Dole mai layi ya riƙa zaɓar kamfanin da hannunsa, ya kuma faɗa wa duk wanda ya saba turo masa kati, musamman 'ya'ya masu tura wa iyaye daga nesa. Katin gogewa na tsohon kamfani shi ma ba zai shiga ba. Abin da ya sauƙaƙa rayuwa shi ne tun 2023 hukumar ta daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni: *310# duba kuɗi, *311# saka kati, *312# sayen data, *323# duba data, *303# rance, 300 kuma kiran ofishin kula da abokan hulɗa. Wanda ya ƙaura a yau ba sai ya haddace sababbi ba.

Masu fatauci zuwa maƙwabta su lura da cewa ƙaura ba ta ƙetare iyaka. Akwai Airtel a Nijar da Chadi, akwai MTN a Ghana da Kamaru, amma kowanne kamfani ne na ƙasarsa da lasisinsa daban. Lambar da ta fara da +234 tsakanin kamfanonin Najeriya kaɗai take yawo. Abin da zai canza ga matafiyi shi ne kuɗin amfani da layi a waje, domin kowane kamfani da nasa farashin da abokan hulɗarsa a can.

Me ke sa a ƙi buƙata

Babban dalili shi ne saɓanin bayanai. Sunan da ke kan rajistar tsohon layi dole ya dace da na wanda ya zo neman ƙaura, kuma a nan ne tsofaffin layuka ke ba da wahala. Layi ne da yaya ya saya wa ƙanensa a 2005, ko maigida ya yi wa matarsa rajista da sunansa, ko yaron shago ya je ya yi rajistar layin maigidansa da yatsunsa saboda maigidan ba shi da lokacin bin layi. Shekaru sun wuce ba wanda ya damu, sai ranar da aka zo ƙaura. A idon tsarin, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke jikin layin, ba wanda wayar ke aljihunsa ba. Gyaran wannan a wurin tsohon kamfani ake yin sa, kuma yakan buƙaci mutanen biyu su bayyana. Har bambancin rubutun suna, irin Muhammad da Mohammed, ko juya sunan mahaifi ya zo a farko, yana iya jawo tsaiko. Duk ɗan kasuwar da lambar shagonsa ke kan sunan wani, ko da ba ya da niyyar ƙaura, ya kamata ya gyara wannan tun ana zaman lafiya, domin ranar da aka ɓata da yaron, lambar da kwastomomin duka suna hannunsa.

Sauran dalilan ba su da yawa: layin da aka rufe ko aka ba da rahoton an sace shi, layin da bai cika wa'adin kwana 45 daga ƙaurar baya ba, layin da ba a daɗe da yi masa sabon sim ba bayan ɓata, da kuma layin da ke da wata buƙatar ƙaura da ba a kammala ba. Akwai lokacin da aka rufe ƙofar gaba ɗaya. A watan Disamban 2020, lokacin da Dokta Isa Ali Pantami ke Ministan Sadarwa, gwamnati ta dakatar da rajistar sababbin layuka domin aikin haɗa su da NIN, ƙaura ma ta tsaya tare da ita, sai a watan Afrilun 2021 aka buɗe. Tun daga lokacin, layin da ba shi da NIN ba ya zuwa ko'ina.

Wannan tsauri yana da amfaninsa. Wanda ya mallaki lambar mutum ya mallaki ƙofar asusunsa, don haka 'yan damfara ke farautar layuka. Sharaɗin zuwa da kai, da zanen yatsu, da saƙon 3232 daga layin kansa, su ne katangar da ke tsakanin ɓarawo da lambar. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, a tura PORT zuwa 3232 domin a inganta layi ko a ba da kyauta, ƙarya yake yi. Wanda kuma ya ga saƙon cewa an karɓi buƙatar ƙaurarsa alhali bai nema ba, kada ya bari a kwana, ya kira kamfaninsa a take, ya sanar da bankinsa.

Abin da ƙaura ba ta magani

Ƙididdigar da NCC ke wallafawa wata-wata tana nuna masu ƙaura 'yan dubbai ne a ƙasar da ke da layuka fiye da miliyan 150 masu aiki. A shekarun baya-bayan nan 9mobile ne ya fi rasa masu layi ta wannan hanya, MTN da Airtel kuma suka fi karɓa. Ƙarancin masu ƙaura ba ya nufin jama'a sun gamsu. Dalili na farko shi ne tsarin ya zo a makare. Kafin 2013 'yan Najeriya sun riga sun samo wa kansu mafita, wayoyi masu sim biyu sun cika kasuwannin Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, layi kuma ya yi arha har ana bayar da shi kusan kyauta. Wanda ke da MTN na kira da Airtel na data da Glo na ko-ta-kwana bai ga abin da zai kai shi cike fom ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi: sau da yawa matsalar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin da ke kula da turaku irin su IHS da American Tower, suka koma haya, ta yadda turke ɗaya kan ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku. Idan janareton wannan turke ya tsaya saboda rashin dizal ko an sace batiransa, duk tare za su ɗauke. Haka idan masu aikin hanya suka tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa. A ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin sadarwa da dama sun ji a jikinsu lokaci guda. Da aka rufe sadarwa a Jihar Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, ba a ware wani kamfani ba. Farashi ma haka: hukumar ce ke shata mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da za a caja, kuma ƙarin har zuwa kashi 50 cikin 100 da ta amince da shi a watan Janairun 2025 ya shafi kowa. Wanda ya gudu daga tsada zuwa wani kamfani zai iya tarar da bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda ƙaura ke da riba ta gaske shi ne inda bambancin ya fito fili a wurin da mutum yake rayuwa. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma da kamfani ɗaya ne kawai ke kamawa sosai, ko ɗan kasuwar da shagonsa ke can cikin lungun kasuwa inda wani layi ke shiga wani ba ya shiga, ko mai buƙatar intanet mai sauri a unguwar da wani kamfani ya riga sauran kawo 4G ko 5G. Sabis abu ne na unguwa-unguwa, wani lokaci ma ɗaki-ɗaki, kuma talla ba ta faɗin wannan. Hanya mafi tabbas ita ce a ari layin kamfanin da ake sha'awa daga wani na kusa, a gwada shi na kwanaki a shago, a gida, a ofis, da hanyar garinsu, da safe da kuma bayan Magariba lokacin da kowa ke kan waya. Sannan a zaɓi lokaci. Ƙarshen wata da ake jiran alat na albashi, ko makon jajiberin Sallah da ciniki ke kankama, ko lokacin rajistar jarrabawar yara, ba lokutan taɓa layi ba ne.

Idan ƙaura ta maƙale ko aka ƙi ta ba tare da dalili ba, matakin farko shi ne kai ƙorafi ga sabon kamfani, a kuma karɓi lambar shaidar ƙorafin a adana. Idan ba a warware ba, sai a kira 622, layin ƙorafi na NCC wanda kyauta ne daga kowane kamfani, a ba su wannan lamba. Bayan an koma kuma a riƙa amfani da layin. Layin da aka bari watanni ba kira, ba data, ba saka kati, kamfani na da ikon rufe shi, kuma lambar da ta yi ƙaura idan aka rufe ta takan koma hannun kamfanin da aka ware wa rukuninta tun asali, wanda zai iya sayar da ita ga wani sabon mutum alhali tana nan a rubuce a fayil ɗin bankin mai ita na farko.